Aikin Hannu A Gida: Manna Tambura A Jikin Ɗan Jirgin Sama

A watan jiya mun harhaɗa ɗan jirgin nan na roba mai suna Hawker Hurricane, muka cike tsagogi, muka goge da samfefa, muka shafa masa fenti. Yanzu abu ɗaya ya rage cikin kwali, watau 'yar takardar nan mai ɗauke da da'irori da haruffa da lambobi. Mutanen Ingila su kan ce da su taransifa, na Amurka kuwa dikal. Mu a nan za mu kira su tambura.

Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Yaro ya kan yi mako biyu ko uku yana fama da gam da buroshi, sa'an nan ya ɓata aikin duka cikin rabin sa'a, domin yana ɗokin ya ga jirginsa ya ƙare. Tambari ya yage, ko ya karkace, ko ya bushe da wani farin dabbare-dabbare a gefensa. Galibi takarda ɗaya tak a ke sakawa cikin kwali, in ta lalace ba wata. Saboda haka a wannan wata za mu bi aikin a hankali, daki-daki.

Abin da tambari ke faɗa

Kafin mu taɓa ruwa, ya kamata yaro ya san abin da ya ke mannawa. Tambarin jirgi shi ne sunansa, shi ne kuma shaidar ƙasarsu. A lokacin yaƙi ran matuƙi ya kan rataya a kansa.

A farkon yaƙin duniya na ɗaya, cikin 1914, jiragen Ingila tutar ƙasarsu a ke zana musu a ƙarƙashin fiffike. Amma daga ƙasa, jar gicciyar da ke tsakiyar tutar ta kan yi kama da baƙar gicciyar Jamus, sai sojan Ingila su yi ta harbin nasu. Kafin shekarar ta ƙare suka ari dabarar Faransa ta zana da'ira cikin da'ira, sai dai suka juya launukan. Na Faransa shuɗi ne a tsakiya, ja a waje. Na Ingila ja a tsakiya, fari, sa'an nan shuɗi a waje.

A yaƙin duniya na biyu aka sake shiga irin wannan wahala. Tambarin Japan jar da'ira ce. A watan Mayu 1942 Amurka ta cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta, kada a ɗauke shi na Japan ne. Ostareliya ma ta cire nata, haka kuma jiragen Ingila da ke Indiya da Bama suka koma shuɗi mai duhu da shuɗi mai haske. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, irin wannan tambari marar ja su ka riƙa gani a jikin jiragen Ingila da ke bi ta kansu.

Daren 11 ga Yuli 1943, a gaɓar Sisili, jiragen ruwa da sojan ƙasa na ƙawance su ka harbo jiragen sama 23 na Amurka masu ɗauke da 'yan laima, suna tsammani na abokan gaba ne. Domin kada a sake, da za a haye Faransa ran 6 ga Yuni 1944, aka ba da umarni a ja wa jirage ratsi biyar a fukafukai da gangar jiki, fari uku, baƙi biyu. A kan ƙananan jirage masu inji ɗaya faɗin kowane ratsi inci 18 ne. Cikin kwana biyu ko uku aka yi aikin, da manyan burasa, shi ya sa a hotunan lokacin za ka ga bakin ratsin ba ya miƙe sosai.

Hurricane a sararin Kano

Mun zaɓi Hurricane ne domin ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi ran 6 ga Nuwamba 1935, aka kuwa ƙera fiye da 14,000. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne. Namu na roba an rage shi sau 72, watau bai kai inci 7 ba, kusan santimita 17 ke nan.

Da Italiya ta shiga yaƙi cikin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin manyan akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. A can a ke harhaɗa su, kamar dai yadda mu ka yi da namu a kan tebur. Daga nan su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda ita ce Injamena a yau, da Janaina, da Fashir, da Hartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940. Wani jirgi mai inji biyu, Blenheim, shi ke jan gaba da mai duba taswira a ciki, 'yan Hurricane suna biye. Tafiyar ta fi mil 3,500, ta kan ci kwana biyar ko shida. Kafin 1943 ta ƙare jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Tun kafin wannan ma, jirage uku na farko da su ka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925 na sojan saman Ingila ne, da irin wannan da'ira a jikinsu.

Ka zaɓi jirgi ɗaya, ka tsaya a kansa

Kamfanoni irin su Airfix su kan saka tamburan jirgi biyu ko uku a takarda guda. Kada ka tsinci wanda ya fi ba ka sha'awa daga nan, wani daga can. Ka duba takardar bayani, ka zaɓi jirgi ɗaya na shekara ɗaya, gama tambura sun yi ta sakewa. Da'irar gefen jiki ta 1940 tana da fari mai faɗi da rawaya mai faɗi a waje. Daga tsakiyar 1942 aka rage farin da rawayan suka zama sirara. Ta saman fiffike ba ta da fari sam, ja ne da shuɗi kaɗai, domin kada fari ya tona asirin jirgi ga wanda ke bisa.

Haruffan nan uku manya kuma suna da ma'ana. Biyun da ke tare sunan ƙungiya ne, ɗayan da ke shi kaɗai na jirgin ne. Alal misali RF na ƙungiya ta 303 ne, ta matuƙan ƙasar Folan da su ka yi yaƙi a sararin Ingila cikin 1940. Ƙananan baƙaƙen lambobi kusa da wutsiya kamar lambar mota su ke. Ratsi uku na kan wutsiya kuwa, ja ne a gaba wajen hanci, a hagu da dama duka. Nan yara da yawa su kan juya shi a gefe ɗaya, sai a lura.

Har yanzu haka a ke yi da jiragen fasinja. In ka je filin jirgi ka duba kusa da wutsiya: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Gana, TJ na Kamaru, TT na Cadi, ST na Sudan.

Abin da ke kawo farin dabbare

Tambari hawa uku ne. Akwai takarda a ƙasa, akwai gam busasshe a kanta wanda ruwa ke narkarwa, akwai kuma wata fata garai-garai, wadda ta fi ɓawon albasa rashin kauri, a kanta aka buga launi. Wannan fata ta kan wuce bakin zanen kaɗan, tana kuma tsakanin haruffa.

Fentin jirgin yaƙi ba ya ƙyalli. Dalilin rashin ƙyallinsa shi ne fuskarsa tana da kaushi, ƙananan tuddai da kwaruruka waɗanda ido ba ya gani. In ka shimfiɗa fatar a kan wannan kaushi, ta kan zauna a kan tuddan, iska ta maƙale a kwarurukan. Da ruwa ya bushe sai haske ya riƙa dukan iskar nan, wurin ya yi fari kamar azurfa. Maganinsa tun kafin a fara ne. Akwai wani fenti marar launi, mai ƙyalli, da a ke sayarwa tare da fentin 'yan jirage. Za mu kira shi man ƙyalli. Ka shafe jirgin duka da shi, shafa marar kauri, ka bar shi ya kwana. In fentin mai ka yi amfani da shi a watan jiya, ka tabbata ya yi kwana biyu da bushewa tukuna. Jirgin zai yi sheƙi kamar sabuwar tasa. Kada ka damu, za mu kashe sheƙin daga baya.

Yadda a ke mannawa

Ka tanadi faranti da ruwan ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, da ƙaramin almakashi, da hantsaki, da buroshi mai laushi, da tsinken auduga na goge kunne, da allura, da tsumma mai tsabta. Ka wanke hannu da sabulu, gama maiƙon yatsa ya kan hana gam kamawa.

1. Ka yanke tambari ɗaya tak. Kada ka tsoma takardar duka cikin ruwa, in ka yi haka za su saki gaba ɗaya su yi ta yawo cikin faranti suna naɗewa.

2. Ka tsoma shi kamar sakan 15, ka fid da shi, ka ajiye a kan tsumma. Takardar za ta lanƙwashe, sa'an nan ta miƙe da kanta. Ka jira kamar minti ɗaya. In ka bar shi cikin ruwa har ya taso shi kaɗai, gam ɗin ya wanke ke nan.

3. Ka taɓa shi da buroshi. In ya motsa, ya yi. In bai motsa ba, ka ƙara jira. Wanda aka tura da ƙarfi shi ne ke yagewa.

4. Ka ɗiga ruwa kaɗan a wurin da zai zauna. Ka kawo takardar da hantsaki har kan wurin, ka danne bakin tambarin da buroshi, ka zare takardar daga ƙarƙashinsa. Kada ka ɗaga shi da yatsa.

5. Muddin da ruwa a ƙarƙashinsa zai yi ta zamewa yadda ka ke so. Ka gwada shi da zanen takardar bayani. Ka ƙirga layukan jikin fiffike, ka ga a kan wane layi bakin da'irar ya tsaya. In ya fara kamawa bai kai wurinsa ba, ka ƙara ɗigon ruwa a gefensa, zai sake saki.

6. In ya zauna daidai, ka mirgina tsinken auduga a kansa daga tsakiya zuwa baki, ruwa da iska su fita. Mirginawa za ka yi, kada ka goga.

Ka fara da ƙarƙashin fiffike, inda ido bai cika kaiwa ba, hannunka ya saba tukuna. Ka gama gefe ɗaya na jiki, ka bar shi ya bushe, kana ka juya. In ba haka ba babban yatsanka zai ɗauke na hagu sa'ad da ka ke fama da na dama. A gefen jiki, da'ira a ke fara sawa, domin ita ce ke nuna wa haruffa wurin zamansu. In ka gama fukafukan biyu, ka riƙe jirgin a gaban madubi. Karkatar da ido ya saba da ita har ya daina gani, madubi zai nuna ta nan da nan.

Inda jiki ya ke da ƙusumbi ko rami, fatar ba ta kan kwanta da kanta ba. Akwai ruwa iri biyu na kamfanin Microscale da masu wannan sana'a su ka sani, Micro Set na zubawa a ƙarƙashi, da Micro Sol na shafawa a bisa. Na biyun ya kan tausasa fatar ƙwarai. Za ka ga tambarin ya yamutse kamar fatar tsohuwa, gabanka ya faɗi. Kada ka taɓa shi ko kaɗan. Ka tashi ka bar ɗakin. In ya bushe zai miƙe, ya shige cikin kowane layi sai ka ce fenti ne. Wanda ya kai hannu domin ya gyara, shi ne ke komawa da guntaye a yatsa. In ba ka sami wannan ruwa ba, ka jiƙa tsumma mai laushi da ruwan zafi kaɗan, ka danna a kai, ka ɗaga a miƙe. In kumfar iska ta ragu bayan ya bushe, ka huda ta da bakin allura, ka ɗiga ruwa, ka sake dannawa.

Kwalin da ya daɗe a kanti

Wani lokaci a kan sami tsohon kwali a gwanjo, ko wanda wani ɗan'uwa ya ajiye shekaru. Ka gwada tambari ɗaya wanda ba ka bukata. In ya farfashe cikin ruwa, ka shafa wa sauran takardar man ƙyalli sau biyu, ta bushe, sa'an nan ka yanke kowanne daf da bakin zanensa. In fatar ta yi rawaya-rawaya, ka sa takardar cikin farar leda, ka manna a gilashin taga inda rana ke bugawa. Bayan 'yan kwanaki rana za ta cinye rawayan. In kuwa gam ya mutu, ɗigon farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa zai riƙe shi.

Ƙarasawa

Kashegari ka goge gefen kowane tambari da ɗanyen tsumma, domin ragowar gam ta kan yi duhu bayan shekaru. Ka sake shafa man ƙyalli a bisa, ya rufe bakin fatar.

Yanzu sai a sa wa jirgin alamun aiki. Ka dama kalar ruwa ta 'yan makaranta, ruwan ƙasa mai duhu, ta yi tsararo, ka sa ɗigon ruwan sabulu. Ka bi layukan jiki da ita, ta bushe, ka share abin da ya yi yawa da ɗanyen tsumma, daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bi. Ka kankare garin fensir ko na gawayi kaɗan, ka ja shi da busasshen buroshi daga bakin salansa zuwa baya. A gindin fiffike inda matuƙi ke takawa ya hau, ka ɗan ɗiɗɗiga fenti ruwan azurfa. Amma ga wani abu: bayan Hurricane, daga mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, yadin lilin ne aka ɗame a kan katako da bututun ƙarfe. Yadi ba ya kankarewa ya nuna azurfa, saboda haka kada ka sa a can. Kaɗan ya isa. Masu kula da waɗannan jirage suna goge su, gama datti yana rage gudu.

Bakin kowane reshen farfela rawaya ne. Fitilar bakin fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, haka ya ke a kowane jirgi har yau.

Daga nan sai man kashe ƙyalli. Ka motsa kwalbar sosai, domin garin da ke kashe sheƙin ya kan kwanta a gindi. Ka shafa marar kauri sau biyu, ya fi mai kauri sau ɗaya. Da damina, ranar da iska ta yi laima, ka haƙura, gama ya kan bushe fari fat kamar an barbaɗa gari. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka fara, da ka gama ka kife babbar roba ko kwali a kan jirgin.

Gilashin matuƙi shi ne na ƙarshe, domin man kashe ƙyalli ya kan dusashe shi. Ka manna shi da farin gam, wanda ke bushewa garai. Gam ɗin roba ya kan narkar da shi, hayaƙin gam mai saurin kamawa kuma ya kan bar masa hazo. In an gama, kada a ajiye jirgin a taga ko cikin mota a rana, zafi zai lanƙwasa fukafukan.

Wanda bai sami na kanti ba

Yaran da ke ƙera jirgi da kara ko gwangwani su ma wannan darasi nasu ne. Ku zana da'ira da kamfas a kan takarda marar kauri. Awon da'irar Ingila ta 1940 ba shi da wuya: in faɗin ja ɗaya ne, fari uku, shuɗi biyar, rawaya bakwai. Watau ja milimita 2, fari 6, shuɗi 10, rawaya 14. Mai son na gida ya yi kore, fari, kore, irin na sojan saman Nijeriya da aka kafa cikin 1964. Ku auna nisa daga bakin fiffike da rula, na hagu ya yi daidai da na dama.

Magana ga iyaye

A wannan mataki ne uba ya kan ga hannun ɗansa yana rawa, ya ce, "Kawo in yi maka." Iyaye, ku daure. Ku riƙe reza da allura, ku kula kada tina ko fentin mai su kusanci murhu ko fitilar kananzir, ku buɗe taga, ku kawar da ƙananan gutsattsari daga wurin masu rarrafe. Amma buroshin ku bar shi a hannun yaro ko yarinya. Ku ba su tamburan jirgin da ba a zaɓa ba, su gwada a bayan tsohon cokali ko gwangwanin madara har sau uku ko huɗu. In duk da haka harafi ɗaya ya ɗan karkace, a bar shi. Jirgin da yaro ya gama da hannunsa zai ajiye shi shekaru yana nuna wa baƙi, na biyu kuma zai fi na farko kyau. Wanda aka karɓe masa, da wuya ya sake roƙon a sayo wani.

Lokutan jiran nan kuma, sa'ad da tambari ke jiƙa ko mai ke bushewa, kada su wuce a banza. Ku ɗauko taswirar Afirka, ku sa yaro ya bi hanya da yatsa daga Takoradi zuwa Kano har Hartum. Ku gaya masa cewa yawancin matuƙan nan samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, da yawa kuma ba su koma wurin iyayensu ba. In akwai tsoho a gidan da ya ji labarin yaƙin Bama daga bakin mahaifinsa, a kira shi ya zauna.

A wata mai zuwa za mu ga yadda a ke yi wa jirgin ɗan dandamali da katako da yashi, da murfin da zai tsare shi daga ƙura. Kafin nan ku tanadi guntun filawud kamar tafin hannu biyu, da yashi mai laushi wanda aka tankaɗe.